Rakiya Daga Kangon Kabara

Sallama na yi, aka amsa. Daga nan abin ya fara, kuma wallahi har yau idan na tsaya a ƙofar wani gida na yi sallama, sai gabana ya faɗi kafin in ji muryar da za ta amsa min. Gidan da nake gaya muku kango ne, a can ƙuryar wani lungu a Kabara, damina ta cinye rabin katangarsa, ƙyauren zauren ya karkace, yanar gizo-gizo ta rufe hanya daga wannan bango zuwa wancan har sai da na sa hannu na yaye kafin in wuce. Ba wanda zai kalli gidan nan ya ce akwai mai rai a ciki. Amma ina cewa salamu alaikum, sai wata murya ta tsohuwa daga can ciki, a hankali, ba gaggawa, ta ce, "Wa alaikumus salam. Maraba, shigo mana."

Na san wasunku za su ce ƙirƙira na yi. Ni dai ga ni ga Allah, abin da ya same ni nake rubutawa, kuma ba don daɗi nake rubuta shi ba. An sa ranar aurena, bayan sallar nan za a yi, gidanmu kowa murna yake ana ta zancen anko da kayan ɗaki, ni kuwa barci ma ya ƙi ni. In kun karanta zuwa ƙarshe za ku gane dalili.

Shekarar da na gama sakandare ce. Ina zaune a gida a Shahuci ina jiran sakamako, sai yayana ya sauya waya ya bar min tsohuwar tasa, mai kyamara mai kyau. Ban san yadda aka yi ba na faɗa son ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine, irin zaurukan ƙasa masu zanko a sama, da bangon da aka yi wa zanen dagi, da soron da rufinsa ya rufta azara ta fito waje. Ina sawa a shafina, mutane suna so, wani ya ce wannan gidan kakarsa ne, wata daga ƙasar waje ta ce na sa ta kuka. Abba ya hana ni. Ya ce kangayen nan matattarar 'yan shaye-shaye ce, kuma ɗiya mace ba ta da abin nema a gidan da ba kowa. Sai na koma yi a ɓoye, da rana tsaka, idan an aike ni.

A lokacin Yaya Rabi, yayata, ta dawo gida wankan jego da ɗanta na fari, ko arba'in ba su yi ba. Wata rana Umma ta aike ni Kasuwar Kurmi in sayo kanwa da kayan yaji na mai jego, da safen an yi ruwa, gari ya yi luf, na ce bari in zaga ta Kabara a hanyar dawowa ko zan samu abin ɗauka.

A bakin wani gida na tarar da wata tsohuwa da faranti a gabanta tana sayar da daddawa. Tabawa sunanta, daga baya na sani. Na gaishe ta, ta dube ni ta dubi wayar hannuna, ta ce, "Ke ce mai hoton nan da ake faɗa?"

Na yi dariya na ce ni ce.

Ta nuna min ƙuryar lungun da haɓa. "Shiga wancan. Akwai zane a bangon tsakar gida, ba ki taɓa ganin irinsa ba. Ki dai yi sallama, 'yar nan, ba a faɗa wa gidan mutane haka kawai."

Na ce, "Iya, kango fa."

Ta ce, "Ki dai yi." Ta sunkuyar da kai tana jera daddawar da dama a jere take.

To kun ji yadda aka yi na yi sallamar. Da aka amsa na tsaya cak a zaure, zuciyata ta ce in juya, amma sai na ce wa kaina ai wata baiwar Allah ce da ba ta da wurin zama ta raɓe a ciki, irin wannan ba sabon abu ba ne a cikin gari, kuma an riga an ce min shigo, in na juya na yi rashin kunya. Na shiga.

Tsakar gidan a share take tsaf. Wannan ne abu na biyu da ya tsaya min a rai, domin ga shatin tsintsiya nan layi-layi a ƙasa, a bushe, alhali ko'ina a garin caɓi ne. A gindin bango ga randa an rufe ta da faifai, da moɗa a kai. Ɗakunan duk sun zube sai guda ɗaya a hannun dama, da asabari a ƙofarsa. Na durƙusa ta wajen na ce, "Ina wuni, Iya."

"Lafiya lau. 'Yar gidan wa?"

Ban faɗi sunan Abba ba, Allah ya taimake ni, na ce daga Shahuci nake.

"Shahuci. Me kike ɗauka?"

"Hoton gini, Iya."

Ta yi 'yar dariya irin ta tsofaffi, mai tari a ƙarshe. "Ɗauki. Ya tsufa kamar mai shi."

Zanen kuwa yana nan yadda Tabawa ta faɗa, na yi ta ɗauka, na ɗauki randar, na ɗauki sharar, na ɗauki asabarin, har tsoron ya fara sakina. Da na gama na ce, "Iya, zan wuce, na gode."

Ta ce, "Tsaya mana. Bari in taka miki."

Sai na ji tausayinta, tsohuwa za ta tashi saboda ni, na matsa don in leƙa in ce ta yi zamanta, na ɗaga asabarin. Jama'a, ɗakin ba shi da rufi. Bangon baya ma babu, ya zube tuntuni, ta cikinsa nake hango bayan wani gida. Ciyawa ta fito har gwiwa, da wata tumfafiya a tsakiya, ba tabarma, ba gado, ba wurin da mutum zai zauna, ko kaza ba ta kwanta a ciyawar nan ba. Ina tsaye riƙe da asabarin sai na ji, dab da ni, ƙarar mutum yana zura silifa, ɗaya, sannan ɗayan.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba. Ban ce uffan ba, gudu kawai na yi, ledar kanwa tana dukan ƙafata. A bakin gidan Tabawa ba Tabawa, ba faranti, an rufe ƙofa.

Da na fita lungun na rage gudu don kada a ce ga mahaukaciya, sai na ji takun. Silifa ce ake ja, ƙafa ɗaya tana sauka daidai, ɗayar ana jan ta a ƙasa. In na yi sauri takun ba ya sauri, amma da na tsaya sai in ji shi nan bayana, tazarar ba ta ƙaru ba. Na waiga ba kowa. Na karanta duk abin da na iya, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi. A wata kwana wani mai kurar ruwa ya ja gefe ya ba ni hanya, na wuce, amma bai tura kurarsa ba, ya ci gaba da tsayuwa yana jira kamar yadda ake jiran mai tafiya a hankali ya gama wucewa. Gaba kaɗan wani tela a shagonsa ya ɗago daga kan keke, ya dubi bayan kafaɗata, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu, Iya." Ni ko kallona bai yi ba.

Ina sa ƙafa a zaurenmu takun ya tsaya a waje.

Umma ta karɓi ledar tana faɗan na daɗe, ta zazzage a faifai, ga kanwa, ga citta, ga kanumfari, sai wani ɗan ƙulli ya faɗo, a cikin tsohon ƙyalle mai shuɗi. Ta kwance, daddawa ce. Ta ce, "Wannan fa? Na ce ki sayo daddawa?"

Na ce gyara aka yi min. Ƙarya ce ta zo bakina na faɗa, domin in na faɗi gaskiya sai an tambayi me ya kai ni Kabara.

Ranar nan, da na shiga ɗakina, tunanina duk a kan Tabawa ya tsaya. Ita ke sayar da daddawa, ita ta tura ni, ita ta nace in yi sallama. Na ce wataƙila da na durƙusa gaishe ta ta jefa min ƙullin a leda, wataƙila wasu yara ta sa suka ɓuya bayan bango suna maƙe murya, irin wasan da ake yi wa baƙo a unguwa. Har telan na sa a cikin lissafi, na ce ƙila duk bakinsu ɗaya. Na fi son in yarda mutane ne suka haɗa min, wallahi na fi son haka. Sai na buɗe hotunan don in ga ko zan hango ƙafar wani yaro a wani lungu.

Zanen bangon ya fito, kyakkyawa. Amma tsakar gidan da ke cikin hoton ba wadda na gani ba ce. Ba shara, ba shatin tsintsiya, ƙasa ce jiƙaƙƙiya da ɓaraguzai da ledoji da ciyawa. Inda na ɗauki randa, wani fasasshen kasko ne a kife. Ƙofar ɗakin nan kuma ba asabari, rami ne kawai a bango. Ni kuwa da hannuna na ɗaga asabarin nan, har kaushinsa ina ji a tafina.

Washegari na leƙa zaure da safe, na tsaya daga ciki na dubi dokin ƙofa. An yi yayyafi da asuba, ƙasar ta yi laushi, ga sawun silifa biyu nan a jere, sun fuskanci gidanmu, sun lotsa ƙasar kamar wanda ya daɗe a tsaye. Ba sawun zuwa, ba sawun komawa.

Haka na shiga kwanakin nan. In na fita Islamiyya takun ya biyo ni, in na shiga aji ya tsaya a ƙofa, in na fito ya ɗauka daga inda ya tsaya. Ba ya taɓa ni, ba ya magana, bi kawai. Na daina cin abinci sosai. Na fara zargin kowa, ƙawata da ta tambaye ni me ya sa nake yawan waiwaye sai na ga kamar da biyu ta yi tambayar, almajirar makarantarmu da ta ce ina warin daddawa na ƙi kula ta har aka tashi.

Sai wata magariba, ana shirin kiran salla, Umma tana madafi tana dama wa Yaya Rabi kunun kanwa, ni ina wanke kwanuka, muka ji sallama daga ƙofar gida. Muryar ce. Ba ni kaɗai na ji ba, domin Umma ta ɗaga kai ta ce, "Wa alaikumus salam, shi..."

Na saki tulin kwanukan da ke hannuna a kan siminti. Ƙarar ta cika gidan, jaririn ya tsala kuka a ɗaki, Umma ta juyo kaina da faɗa, wai wace irin sakarya ce ni, ina so in kashe mata jika da firgita. Ta manta da mai sallama. Da ta tuna ta ce, "Je ki ga wace ce a ƙofa."

Na je na tsaya a soro na ƙirga numfashina na dawo na ce ba kowa, ƙila gidan maƙwabta ne.

Ni kaina ban san me ya sa na yi haka ba a lokacin, jikina ne kawai ya ba ni cewa kada kalmar nan ta fita daga bakin Umma. Kuma duk wanda ya san Umma ya san ba ta iya amsa sallama ba tare da ta ce shigo ba, ko mai tallan gawayi ne. Daga ranar, da la'asar ta yi sanyi sai in ɗauko rediyon Abba in ƙure murya, ko in zauna a bakin soro in ce iska nake sha. Yaya Rabi ta fara tsokanata daga kan gado, tana shayar da yaro.

"Umma, ki bincika 'yarki. Wannan zaman soron ba na Allah ba ne. Waye shi, autar Umma? Mai babur ne ko mai shago?"

Na ce ta ƙyale ni.

"In mai shago ne ki ce ya aiko wa ɗansa da madara."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa ina kallon yaron a hannunta, ɗan mitsitsi, kansa duk gashi, ina jin kamar in fashe da kuka.

Wadda ta gano ni ita ce kakata, mahaifiyar Abba, muna ce mata Hajiya. Ɗakinta yana can ƙarshen gida, kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji, amma hancinta da idonta ba abin da ke wuce su. Umma ta kai mata daddawar nan don ta san tana son ta a miya. Sai ga aike wai in zo.

Na tarar ta baza ƙyallen a cinya. Ta ce, "Uwar yawo, zauna. Wa ya ba ki wannan?"

"A kasuwa aka..."

"Ƙarya kike. Wa ke ƙulla daddawa a saƙi yanzu? Kowa leda. Wannan ƙullin ma, irin na da ne, rabon da in ga mai yin sa tun ina amarya. Gidan wa kika shiga?"

Na rufe ƙofa na matsa kusa da kunnenta na gaya mata komai, ina kuka. Na zaci za ta yi salati ta ce a kira malam a yi min ruƙiyya. Ba ta yi ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Da ta ce bari ta taka miki, me kika ce mata?"

"Gudu na yi, Hajiya."

"Ba ki ce ta koma ba?"

"Hajiya, ɗakin fa ba kowa."

"Ban tambaye ki ɗaki ba. Kin ce ta koma, ko ba ki ce ba?"

Na ce ban ce ba.

Ta tafa hannu a hankali. "To ai ke kika bar baiwar Allah a tsaye. Ku 'yan boko ba a koya muku komai. In babba ya ce zai taka maka, ya fito, ai ba zai juya da kansa ba, kai ne za ka tsaya ka ce rakiyar ta isa, a koma haka. Ta ba ki abin miya, ba ki yi godiya ba, ta biyo ki da ƙafarta mai ciwo har Shahuci, kin shige gida kin bar ta a ƙofa kamar akuya."

Na tsaya ina kallonta, domin ban gaya mata zancen ƙafar ba. Na ce takun kawai nake ji. Na ce, "Hajiya, kin san ta ne?"

"Na ce miki na san ta?" Ta shiga naɗe ƙyallen. "Ta yi sallama?"

Na ce ta yi, kuma saura kaɗan Umma ta ce ta shigo.

Nan ne na ga fuskar Hajiya ta sauya. Ta dubi ƙofa, ta rage murya, ita da kullum sai ta yi kamar tana kiran wani a bayan gari. "Mai rakiya ba ta shiga gida sai an ce ta shigo. Amma in ta shigo, gidan jego ta shigo. Wace mace kika taɓa gani ta zo gidan haihuwa ta fita ba a miƙa mata jariri ba?"

Daga ɗakin Yaya Rabi muna jin yaron yana 'yan ƙananan kukansa.

Ta ce, "Gobe bayan azahar za ki raka ni gaisuwa Kabara. Haka za ki gaya wa uwarki."

Kafin in ƙarasa, ga abin da nake so in roƙe ku, musamman 'yan'uwana masu yawon ɗaukar hoto, don na ga abin ya zama yayi, kowa yana neman kango ya tsaya a ciki. Ban ce kada ku yi ba. Amma in za ku shiga, ku tambayi mutum fiye da ɗaya a unguwar, kuma ku lura da wanda ya fi kowa ɗokin ku shiga. In kun yi sallama aka amsa a inda bai kamata a amsa ba, kada ku ƙarasa ciki, ku ce a gafarce ku kun yi ɓatan kai ne. In kuma har an ce za a taka muku, komai tsoron da kuke ji, ku daure ku buɗe baki ku ce a yi zamansa, an gode. Ni gudu na yi, kuma da ƙafafuna na nuna hanyar gidanmu.

Washegari muka fita, Hajiya da sandarta da carbinta, ni ina riƙe da hannunta. Muna fita zaure takun ya ɗauka. Tafiyar Hajiya da tasa sai suka zo daidai, har na rasa wanne ne na wa, ina tsakanin tsofaffi biyu, ɗaya ina gani ɗaya ba na gani. Hajiya ba ta tambaye ni hanya ba ko sau ɗaya. Ita ce ma ke jan hannuna in mun zo kwana.

Tabawa tana nan a bakin ƙofarta da farantinta. Da ta hango mu ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta dubi bayanmu, sannan ta sauke ido.

Hajiya ta ce, "Tabawa, ashe kina nan da ranki."

"Ina nan, Yaya. Sannunku da zuwa."

"Ke kika tura min jika."

"Ni hoto na ce ta ɗauka."

"Duk lungun nan wa ke sallama a gidan can?"

Tabawa ta ci gaba da gyara daddawa. A bayanta, ta cikin zaure, na hango wata budurwa sa'ata, ramammiya, ta leƙo tana kallona. Ba kallon baƙo take min ba, kallon wanda ya san abin da ke damunka ne. Daga baya na ji a bakin wata 'yar ajinmu da ke unguwar cewa jikar Tabawa ce, ta daɗe ba ta fita ko ƙofar gida, an ce ciwo ne, sai a 'yan kwanakin nan aka ga ta warke har tana zuwa ɗebo ruwa. Ban ce ga abin da ya faru ba. Abin da na ji na faɗa muku.

Hajiya ba ta bar ni na ƙarasa kangon ba. Kafin ƙuryar lungun akwai wata tsohuwar rijiya da aka rufe da siminti, a nan ta tsayar da ni. Ta ce, "Matan lungun nan a nan suke juyawa in sun yi rakiya. Juya, ki durƙusa. Idonki a ƙasa, kada ki ɗaga. Ki yi magana kamar 'yar mutane."

Yadda aka yi ta san inda matan lungun suke juyawa, ban tambaya ba.

Na juya na durƙusa. Takun ya matso, ya matso, ya tsaya. Ƙasa kawai nake kallo, a jiƙe, sai na ga ta lotsa a gabana wuri biyu, a hankali. Warin daddawa da hayaƙin itace da man shanu ya rufe ni. Na ji numfashi sama da kaina, irin na wanda tafiya ta gajiyar.

Na ce, "Iya." Na sake cewa, "Iya, rakiyar ta isa haka. Na gode da daddawa, an gode ƙwarai. Ki yafe ni na bar ki a tsaye. Ki koma ki huta."

Sai dariyar nan mai tari a ƙarshe.

"Ja'ira. Kin wahalar da ni da ƙafar nan." Ta numfasa. "To, a gaida mai jego, Allah ya raya. Ke kuma, sai na zo ganin ɗaki."

Takun ya juya. Na ji shi yana tafiya, ƙafa ɗaya daidai ɗaya ana ja, yana raguwa, har na ji ƙyauren zauren can ya yi ƙara, shi ke nan.

Yaron Yaya Rabi yana nan lafiya, yanzu har gudu yake yana ɓarna. Ban sake jin takun ba, ban sake ɗaukar hoton kango ba, shafin ma na rufe shi. Ƙullin daddawar Hajiya ta ɗaure a bakin zaninta ranar, ban sake ganinsa ba. Hajiya ta rasu bara, Allah ya ji ƙanta, ta tafi da abin da ta sani. Ni kuma ga shi an sa rana, kuma kun san yadda ake yi, in an kai amarya kwana da kwanaki mata suna shigowa ganin ɗaki, waɗanda ka sani da waɗanda ba ka sani ba, kowace ta yi sallama, kuma dangin miji ne a tsakar gida suna cewa a shigo.

Amma a ranar, a bakin rijiyar nan, ina nan durƙushe, Hajiya ta dafa kafaɗata ta ce, "Ta amsa?"

Na ce ta amsa.

"Me ta ce?"

Na miƙe na kai bakina kunnenta na maimaita mata duka, har na ƙarshen. Daidai lokacin aka fara kiran la'asar a masallacin unguwar. Hajiya ta tsaya kamar kiran sallar take saurare, ita da ba ta jin sa sai an gaya mata. Ta daɗe a haka.

Sannan ta ce, "Maganar tsofaffi ce, kowace tsohuwa haka take ce wa budurwa. Ta koma. Kin tsira, uwar yawo, ba abin da zai same ki. Mu je gida."

Ta kama hannuna muka juya. Tun daga Kabara har ƙofar gidanmu ba ta saki hannuna ba, kuma ba ta bar ni na waiga ba.